Amsa: Sa'a ce ta ba Leverkusen kofin 2024?

Malam, ka ce sa'a ce kawai saboda ƙwallayen da suka riƙa ci a mintin ƙarshe. Gaskiya ban yarda ba. Wasa 34 a Bundesliga, babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Jamus, sun ci 28, canjaras 6, ba wanda ya doke su, maki 90. Sa'a ba ta bin mutum wata tara cur.

Ka tuna lokacin da Xabi Alonso ya karɓi ƙungiyar a Oktoban 2022, tana ta biyu daga ƙasan teburi. Ya ɗauko Xhaka daga Arsenal ya damƙa masa tsakiya, Grimaldo ya zo kyauta daga Benfica, ga ɗan Najeriya Boniface a gaba. Ni dai wasan da ya gamsar da ni shi ne 3-0 da suka lallasa Bayern a Fabrairun 2024. Kane, ɗan wasan gaban Bayern, ko numfashi bai samu ba. Ran 14 ga Afrilu suka zuba wa Bremen 5-0 suka lashe kofin, Wirtz ya ci uku, magoya baya suka cika fili tun alƙalin wasa bai busa tashi ba. Kafin nan, shekara 11 Bayern ta yi tana riƙe da kofin!

Atalanta kaɗai ta kayar da su a kakar, da ci 3-0 a wasan ƙarshe na gasar Europa, Lookman ya ci ukun duka.