Ku Tambaya Mu Amsa: Me Ya Sa Manhajar Gane Cutar Masara Take Cin Jarrabawa a Ɗaki, Ta Faɗi a Gona?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma bincikena a kan manhajar da za ta duba hoton ganyen masara ta faɗi cutar da ke jikinsa ne. Na horar da samfurina (wato ɓangaren manhajar da ke koyo daga misalai) da hotunan PlantVillage, ya ci kashi 98 cikin 100. Da na gwada shi da hotunan da na ɗauko a gonakin Bomo, ko rabi bai gane ba. Ina matsalar take?
Ɗalibi daga Samaru

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka wahalar da kanka da sake rubuta manhajar, matsalar tana cikin hotunan. Rumbun PlantVillage na ɗauke da hotuna sama da 54,000 na amfanin gona iri 14, amma akasarinsu ganye ɗaya ne aka tsinko, aka shimfiɗa shi a fili mai launi ɗaya, aka ɗauka cikin haske mai kyau. Su kansu masu binciken da suka fara gwada shi a 2016, wato Mohanty da Hughes da Salathé, sun samu sama da kashi 99, amma da suka kawo hotunan da aka ɗauka a wani yanayi dabam sai sakamakon ya sauko zuwa kusan kashi 31. Hotonka na Bomo yana da ƙasa, da ciyawa, da inuwar kara, da hasken rana tsaka a kan ganyen. Samfurin bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba. Ƙari a kan haka, rukunin masara huɗu ne kawai a rumbun: lafiyayye, tsatsa, da cututtukan ganye biyu. Babu cutar nan mai zana fararen layuka a ganye wadda ta yi yawa a Afirka, babu ɓarnar tsutsar masarar da ta ɓulla a Najeriya a 2016, babu kuma rawayar da ƙarancin taki ke jawowa. Duk abin da ka nuna masa, dole ya cusa shi cikin ɗaya daga huɗun nan.

Don haka sai ka tara naka hotunan. Ka nemi aƙalla 300 zuwa 500 a kowane rukuni, daga gonaki goma ko fiye, misali Bomo da Shika da Giwa da Soba. Ka yi amfani da wayoyi uku ko huɗu irin na hannun manoma, Tecno da Itel da Infinix, ka ɗauka da safe, da rana, da kuma lokacin hadari. A rubuta gona da rana da waya a kan kowane hoto. Sannan kada kai kaɗai ka sa wa hotunan suna. Kana da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR a nan Samaru, ka nemi masanin cututtukan tsirrai. In da hali mutum biyu su duba kowane hoto ba tare da sun ga na juna ba, inda suka saɓa a ware.

Wurin da ɗalibai suka fi zamewa shi ne rabon hotuna. An saba ware kashi 70 na horarwa, 15 na daidaitawa, 15 na gwaji, a bar kwamfuta ta gauraya su. To idan ka ɗauki ganye ɗaya sau shida, huɗu suka faɗa cikin na horarwa, biyu cikin na gwaji, ka zama malamin da ya raba wa ɗalibai takardar jarrabawa tun daren jiya: makin zai yi kyau, amma ba ya nuna komai. Ka raba bisa gona. Gonakin da aka ware don gwaji, ko hoto ɗaya nasu kada ya shiga horarwa. Juya hoto, rage masa haske ko yanke gefensa don ƙara yawa, duk sai bayan an gama rabon, kuma a kan na horarwa kawai.

Wajen horarwa, kada ka fara daga tushe da ɗan abin da ke hannunka. Ɗauki samfurin gane hoto irin MobileNetV2 ko ResNet-50 da aka riga aka horar a kan rumbun ImageNet, mai hotuna kusan miliyan 1.2 a rukuni 1,000. Mayar da hotunanka 224 sau 224, ka kulle matakan ƙasa na samfurin don kada su canza, ka horar da na ƙarshe zagaye 5 zuwa 10 (zagaye ɗaya shi ne bin duk hotunan sau ɗaya) da saurin koyo 0.001, sannan ka buɗe na sama ka rage saurin zuwa 0.0001. Kuma kada ka kawo wa masu duba aikinka maki ɗaya tilo. Idan 900 cikin hotuna 1,000 lafiyayyu ne, samfurin da ke cewa "lafiya" ga komai ya ci kashi 90 ke nan, alhali bai kama cuta ko ɗaya ba. Nuna teburin da ke bayyana wane rukuni ake rikitawa da wane, da makin F1 na kowanne, wato makin da ke haɗa yawan abin da ya kama da yawan daidai cikin abin da ya faɗa. Akwai gwaji mai sauƙi da muke ba kowa shawarar ya yi: rufe ganyen da baƙi, ka bar bayan hoton kawai. In har samfurin ya ci gaba da ba da amsa daidai, to ƙasar gonar ya haddace, ba cutar ba.

Tambaya: Ina aji biyu a sashen kwamfuta, Java muke yi. Ina son shiga harkar ƙirƙirarriyar basira. In bar Java in koma Python ne? Kwamfutata kuma RAM ɗinta 4GB ne.
Ɗaliba daga Tudun Wada

Amsa: 'Yar'uwa, ki koyi Python amma kada ki jefar da Java. Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, shi ne yaren da kayan aikin horar da samfuri irin PyTorch da TensorFlow da yawancin takardun bincike ke amfani da shi. Sai dai shi kansa ba ya da sauri, lissafin mai nauyi da C++ da CUDA aka rubuta shi a ƙarƙashi. Shi ya sa in kika bi ɗigon hoto ɗaya bayan ɗaya da Python zalla za ki daɗe kina jira, domin hoton waya mai megafiksel 12 ɗigo miliyan 12 ne, kowanne da launi uku. NumPy, kayan aikin lissafi na Python, kan gama wannan aikin da layi ɗaya, don haka shi za ki fara ƙwarewa a kai, tare da lissafin matiris da na yiwuwa. Java zai yi miki rana sa'ad da za a sa samfurin cikin wayar Android.

Kwamfutarki ta isa rubutu da ƙananan gwaje-gwaje. Horarwa kuwa ki yi a shafin intanet na Google Colab, yana ba da GPU (na'urar da ke saurin lissafi mai nauyi) kyauta, amma yakan yanke ba sallama, don haka ki riƙa ajiye samfurin a Drive bayan kowane zagaye. Ki rage girman hotuna kafin ki ɗora su, data ba za ta ƙare miki a banza ba. Ki kuma kiyaye wani tarko: OpenCV, kayan aikin sarrafa hoto, yana karanta launi a jerin BGR (shuɗi, kore, ja), samfuran ImageNet kuwa RGB (ja, kore, shuɗi) suke jira. In ba ki juya ba, babu saƙon kuskure da zai fito, makin ne kawai zai ragu ki rasa dalili.

Tambaya: Shin kwamfuta za ta iya karanta mana tsofaffin takardun ajami da na Gaskiya Ta Fi Kwabo?
Malami daga Birnin Zariya

Amsa: Allah ya gafarta Malam, za ta iya, amma sai an koya mata. Na boko ya fi sauƙi. Jaridar Gaskiya, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, bugun inji ce, sai dai manhajar karanta rubutu daga hoto irin Tesseract in aka bar ta da tsarin Turanci takan mayar da ɓ da ɗ da ƙ zuwa b da d da k, ko wani harafin dabam. Ajami ya fi wuya, domin yawancin manhajojin Larabci da bugun gabas aka horar da su, rubutunmu kuwa na Magaribi ne: fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, ga wasula da ba a barin su. Hanyar ita ce a ɗauki shafukan a miƙe cikin haske ɗaya, wanda ya iya karatun ya kwafe layi-layi har layi 1,000 ko fiye, a horar da manhaja irin Kraken da su. A fara da hannun magatakarda ɗaya, in ya zauna sannan a ƙara na wani, kuma a nemi izinin masu takardun kafin a ɗauki hoto.