Tausar tafin ƙafa za ta iya sauƙaƙa naƙuda?

Tambaya: Yarinyata na da cikin fari wata takwas, ta zo gida goyon ciki. Wata mata a garinmu ta ce in an danna wasu gurare a tafin ƙafa, ciwon naƙuda zai ragu, hanya ta buɗe, ba sai an je asibiti ba. Asibitin da nisa, ni kuma tsoro ya hana ni barci. Gaskiya ne? Daga wata uwa, ƙasar Ringim.

Amsa: Mama, Allah ya raba lafiya. Rabin maganar gaskiya ne. Tausa na rage wa wasu mata raɗaɗi da fargaba. Ki shafa man kaɗanya, ki riƙe diddigenta, ki riƙa murza tsakiyar tafin da babban yatsa a hankali; in ciwo ya taso, ki koma ƙugu ki danna da tafin hannu. Amma kada a taɓa ƙwaurin da ya kumbura shi kaɗai yana zafi, don jini na iya daskarewa a jijiya.

Ɗaya rabin kuwa, shi ke ƙona mana rai kullum a ɗakin haihuwa. Babu wata hujja da ta nuna tafin ƙafa na buɗe bakin mahaifa. In kan yaro ya fi ƙugun uwa, ko ya zo a gicciye, ko za a kwana ana tausa ba zai fito ba. Sai a yi ta cewa "a ƙara haƙuri", a ba ta jiƙo, wata ta hau danna ciki, daga baya a kira mai kemis ya tsira mata allurar naƙuda. Wa ya ba shi izini? Allurar nan mu kanmu ba ma yin ta sai muna tsaye muna sauraron bugun zuciyar jariri, domin tana iya fasa mahaifa. Duk tsawon wannan jira, kan yaro na matse mafitsara da ƙashi har naman wurin ya mutu ya ɓule. Yoyon fitsari ke nan. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF na yi wa irin waɗannan mata aiki a asibitin Jahun tun 2008, da yawansu yara ne masu cikin fari irin taki.

Ku tafi asibiti tun naƙuda na farawa, ki yi tausar a can. In ta kai awa 12 a gida, an riga an makara. Jini, ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska ko jijjiga kuwa, ko minti ɗaya ba a jira. Tun yau ku yi magana da mai mota, ku karɓi lambarsa, mijinta kuma ya ba da izinin tafiya tun yanzu, kada dare ya yi ana neman sa a waya.