Hukuncin Sayar Da Kifin Ramin Kuza

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kiwon tarwaɗa da karfasa a wani tsohon ramin kuza a gefen Bukuru. Akwai masu wankin ƙasa daga sama, ruwansu yana gangarowa ciki. Wani malamin gona ya ce mini irin wannan ruwa yakan tara dalma a jikin kifi. Tun ranar na hana iyalina ci, don maiɗakina tana da juna biyu, amma ina ci gaba da kai wa 'yan kasuwa. An ce idan na mayar da kifin cikin ruwa mai tsabta kwana uku ya halatta, kamar jallala. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kifi halal ne a asali, kuma ba kowane ramin kuza ne yake da guba ba, don haka jita-jita kaɗai ba ta haramta sana'arka.

Amma ɗan'uwa, ka amsa wa kanka da kanka. Ba shakka ce ta sa ka janye kifin daga tukunyar gidanka ba, zatonka ne ya rinjaya a kan akwai cutarwa, kuma da rinjayen zato ake aiki a irin wannan. Mai sayen kifin nan ita ma wataƙila tana da ciki. Yin shiru a nan algus ne. Ka dakatar da sayarwa har a yi gwaji.

Batun jallala kuwa, ƙiyasin bai zauna ba. Jallala dabba ce mai cin najasa, kuma illar da malamai suka duba ita ce najasar da warin da yake kama nama. Shi ya sa Abdullahi ɗan Umar yakan tsare kaza kwana uku, cikinta ya wanke, warin ya tafi. Malikiyya ma ba su haramta namanta ba. Dalma da sauran ƙarafa masu guba irin su zaiba da kadmiyam ba najasa ba ne, ba su da wari, ba sa canza ɗanɗano. Babinsu shi ne hadisin "la darara wa la dirara", wato babu cuta babu cutarwa. Kuma ba a cikin hanji suke tsayawa ba balle kwana uku ya fitar da su. Dalma da kadmiyam suna taruwa a hanta da ƙoda, dalma har cikin ƙashi. Zaiba kuwa tana kama tsokar kanta, tana ɗaukar watanni masu yawa kafin ko rabinta ya fita. Tarwaɗa a laka take kiwo, inda ƙarafan suke kwantawa, kuma gwargwadon girman kifi da yawan cinsa ga ƙananan kifaye, gwargwadon zaibar da ya tara. Wuta ba ta kashe ƙarfe. Banda ma ruwa take cirewa ta bar gubar, sai kowane kilo ya ƙara nauyinta. Wanda ya ba ka wannan fatawa ya karanta babin, amma bai tambayi masana sinadarai ba, kuma su ne ahluz zikri a nan. Mutanen Minamata a Japan, da cutar gubar zaiba ta bayyana a cikinsu a 1956, kifin da suke ci lafiya lau yake a ido.

Ka kama manya da ƙanana daga ɓangarori daban-daban na ramin, musamman bakin da ruwan wanki yake shiga, ka ɗebi laka da ruwa, ka zuba kowanne a leda ko roba mai tsabta da ƙanƙara, ban da gwangwani. Ka nemi sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Jos ko ofishin NAFDAC su nuna maka inda ake awo. Ka ce a auna tsoka daban, hanta daban. Ma'aunin Codex, wato ƙa'idar abinci ta duniya, ga dalma a kifi shi ne miligiram 0.3 a kowane kilo. Ka maimaita da rani, lokacin da ruwa ya ja baya.

In ya fito ƙasa da ƙa'ida, ka sayar, ka ci, a riƙa zubar da kayan ciki. In ya haura, sayarwa haramun ce ko ka bayyana aibin, domin ɗan kasuwa ne zai ji, mai ci ba zai ji ba. Kada ka ba kaji ko ka yi sadaka da shi, a binne shi nesa da rijiya. Ka koma kiwo a tanki ko tamfol da ruwan burtsatsen da aka gwada.

Maiɗakinka kuma ta faɗa wa likita a wajen awo tsawon lokacin da ta yi tana ci, a duba jininta da na yaran. Dalma ta fi ɓarna ga ƙwaƙwalwar ƙananan yara, kuma abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ba mu manta ba. Maƙwabtanka masu ban ruwan kabeji da latas da ruwan ramin nan, su ma ka sanar da su sakamakon.

Wallahu a'alam.