Ciwon sanyi tsakanin matasan ƙauyukan Tahoua

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa ciwon sanyi ya yi yawa tsakanin samari da 'yan mata a ƙauyukanmu na Tahoua. Kunya ce babban dalili. Yaro ya ji fitsari na ƙuna, ba zai je likita ba, don mai dubawar ta san uwarsa. Sai ya sayi ƙwayoyi wurin mai tallar magani ranar kasuwa, ya sha biyu ya bari. Ciwon ya lafa kawai, yana nan yana rarraba shi.

Ga kuma biɗa, wato tafiyar maza neman kuɗi a ƙasashen waje. Na sha ganin miji ya komo daga Abijan, amaryarsa 'yar shekara 15, ba ta da bakin cewa ya je a gwada shi. In ba a yi musu magani tare ba, ciwon dawowa yake.