Shin 'yan Mormon Kiristoci ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Sabon Gari, nan Kano. Maƙwabcin shagona mutumin Kudu ne, ba ya shan giya, ba ya shan taba, ko shayi aka kawo ba ya karɓa. Ya ce shi ɗan cocin da ake kira Mormon ne. Ɗaya maƙwabcin nawa, ɗan ECWA, ya ce min mutanen nan ba Kiristoci ba ne, ba su ma yarda da Allah uku cikin ɗaya ba. Da maganar ta kai kunnen ɗan Mormon ɗin sai ransa ya ɓaci, ya ce ai sunan Yesu ne a jikin cocinsu. Malam, wa ke da gaskiya a cikinsu? Kuma in dai ba su yarda da ukun nan ba, ke nan sun fi sauran kusa da tauhidinmu?

Daga wani mai karatu, Fagge, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya yi wa kasuwa albarka. Babu maƙaryaci a cikin maƙwabtan nan naka biyu. Kowannensu da mudun da yake awo da shi, kuma sai ka san mudun kafin ka gane inda suka saɓa.

Mudun ɗan Mormon shi ne Yesu kansa. Cikakken sunan cocinsu shi ne Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, kuma tun 2018 shugabansu na lokacin, Russell Nelson, ya roƙi mutane su daina kiransu da laƙabin Mormon, su riƙa faɗin sunan a cike. Sun gaskata cewa Yesu Ɗan Allah ne, Maryamu ta haife shi tana budurwa, an gicciye shi, ya mutu domin zunuban mutane, ya tashi a rana ta uku, kuma zai dawo. Da sunansa suke rufe kowace addu'a, kuma duk Lahadi suna cin jibi, wato ɗan burodi da abin sha da ake rabawa a coci, domin tunawa da shi, sai dai da ruwa suke yi maimakon ruwan inabi. Suna karanta Littafi Mai Tsarki, Tsohon Alkawari da Sabo. Littafin Ayyukan Manzanni 11:26 ya ce a Antakiya aka fara kiran almajiran Yesu Kiristoci, wato mabiyan Almasihu. In wannan ne ma'auni, to maƙwabcinka ya cika shi, kuma ɓacin ransa ba na wasa ba ne. Mutum ne da ya ɗora rayuwarsa kan Yesu aka ce masa bai san shi ba.

Mudun ɗan ECWA kuwa aƙida ce, kuma tana da tarihi mai tsawo. A shekara ta 325 Sarkin Rum Kwanstantin ya tara shugabannin coci a garin Nikiya, wanda yau ake kira Iznik a ƙasar Turkiyya. Abin da ya tara su rigima ce da wani limamin coci na Iskandariya mai suna Ariyus ya tayar, inda ya ce Ɗa halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Taron ya ƙi wannan magana, ya rubuta shaidar bangaskiya cewa Allah ɗaya ne, mahaliccin abin da ake gani da wanda ba a gani, kuma Ɗa ba halittacce ba ne, zatinsa ɗaya da na Uba. A 381 aka sake zama a Kustantiniya aka faɗaɗa bayani kan Ruhu Mai Tsarki. Wannan shi ne Triniti: zati ɗaya, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, babu farko babu ƙarshe.

Ka lura da yadda wannan aƙida ta riƙe Kiristoci duk da rabe-rabensu. Kibɗawan Masar da cocin Habasha sun rabu da sauran bayan taron Kalsidon na 451. Katolika da Otodoks sun raba gari a 1054. Furotesta sun ɓalle daga Fafaroma bayan 1517. An yi gaba, an yi yaƙe-yaƙe, amma duk waɗannan ba su saki Nikiya ba. Nan Kano ma, ka shiga cocin Katolika ko na Angalikan ranar Lahadi za ka ji ana karanta shaidar bangaskiyar nan da baki, ECWA da Baftis da yawancin 'yan Fentikos kuma sun riƙe abin da ke cikinta ko da ba su karanta ta kowane mako ba. Don haka idan ɗan ECWA ya ce wanda ya ƙi Triniti ya fita daga Kiristanci, ba son ransa yake faɗa ba, abin da majami'u suka tsaya a kai sama da shekara 1,600 yake maimaitawa.

To su 'yan Mormon daga ina suka fito? Wanda ya kafa cocin, Joseph Smith, an haife shi a 1805 a Amurka. Ya ce a 1820, yana yaro, ya shiga daji kusa da garin Palmyra a jihar Niyok yana roƙon Allah ya nuna masa cocin gaskiya, sai mutum biyu masu haske suka bayyana gare shi, Uba da Ɗa, aka ce masa kada ya shiga ko ɗaya domin duk sun kauce, shaidodin bangaskiyarsu ma abin ƙyama ne. Daga baya ya ce wani mala'ika mai suna Moroni ya nuna masa alluna na zinariya da aka binne, ya fassara su, aka buga Littafin Mormon a 1830. A wannan shekarar, ranar 6 ga Afrilu, aka kafa cocin. Littafin yana ba da labarin wasu mutane da suka bar Urushalima wajen shekara 600 kafin haihuwar Almasihu suka ƙetara zuwa nahiyar Amurka, da yadda Yesu ya ziyarci zuriyarsu bayan tashinsa. Masana tarihi da masu tonon kayan tarihi da ba 'yan cocin ba ba su karɓi wannan labari a matsayin abin da ya faru ba. An kashe Smith a kurkukun Carthage a 1844, Brigham Young ya ja mabiya zuwa kwarin Salt Lake a 1847, inda hedikwatarsu take har yau a jihar Yuta. Mabiyansu a duniya sun haura miliyan 17.

Abin da nake so ka riƙe daga wannan tarihi shi ne su ma ba su taɓa cewa su reshe ne a cikin sauran majami'u ba. Koyarwarsu ita ce bayan mutuwar manzannin Yesu coci ya ɓata, ikon firistanci, wato izinin jagorantar ibada da sunan Allah, ya gushe daga duniya, sai da aka maido shi ta hannun Joseph Smith. Shugaban cocinsu annabi suke ɗaukarsa, mai karɓar wahayi, kuma ban da Littafi Mai Tsarki suna da wasu littattafai uku da suke ba matsayin nassi. Ƙin amincewar ta ɓangare biyu ce.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ita ce ta fi damuna, domin Musulmi da yawa suna faɗawa wannan kuskure. Da mutum ya ji an ce wata ƙungiya ta ƙi Triniti sai ya ɗauka ta matso kusa da tauhidi. Game da 'yan Mormon abin ba haka yake ba, akasinsa ne ma. Kiristan Nikiya, duk da saɓaninmu da shi kan Ɗa da Ruhu, ya dage cewa Allah ɗaya ne a zatinsa, ba shi da jiki, bai taɓa zama wani abu ba Allah ba, kuma ya halicci komai daga babu. Ɗan Mormon ya ƙi Triniti ne ta ɗaya ɓangaren. A wurinsa Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki uku ne rarrabe, kowanne da zatinsa, haɗin kansu na nufi ne da manufa. A ɗaya daga littattafansu an rubuta ƙarara cewa Uba yana da jiki na nama da ƙashi kamar na mutum, haka ma Ɗa, Ruhu Mai Tsarki ne kawai ba shi da irin wannan jiki. Sun kuma koyar da cewa ba daga babu aka yi duniya ba, an tsara ta ne daga abin da dama yake akwai, kuma rayukan mutane 'ya'yan Allah ne da suka rayu tare da shi kafin a haife su a duniya.

Akwai abin da ya fi wannan nisa. A wata huɗuba da Smith ya yi a 1844, 'yan watanni kafin a kashe shi, ya koyar da cewa Allah Uba ya taɓa zama kamar mutum kafin ya ɗaukaka, kuma mutum ma zai iya kaiwa ga irin wannan ɗaukaka. Lorenzo Snow, wanda ya shugabanci cocin daga baya, ya taƙaita wannan a jimla guda da ta shahara a tsakaninsu: yadda mutum yake Allah ya taɓa zama, yadda Allah yake mutum zai iya zama. Shugabanninsu na wannan zamani ba sa yawan zurfafa magana kan rabin farko na jimlar, amma rabi na biyu, wato ɗaukakar muminai har su zama kamar Allah, yana nan daram a koyarwarsu. Ka auna wannan da Suratul Ikhlas, za ka ga amsar tambayarka da kanka. A kan kaɗaitar Allah da bambancinsa da halitta, maƙwabcinka ɗan ECWA ya fi kusa da kai.

Kowane ɓangare yana da ayoyin da yake kafa hujja da su. 'Yan Mormon sukan kawo Farawa 1:27, inda aka ce Allah ya halicci mutum cikin siffarsa, da Ayyukan Manzanni 7:55-56, inda Istifanus, ɗaya daga cikin Kiristocin farko, ya ga Yesu tsaye a hannun dama na Allah, su ce ga biyu nan a rarrabe. Al'adarsu ta yin baftisma, wato wankan shiga addinin, a madadin matattu kuwa sun jingina ta da 1 Korintiyawa 15:29. Sauran Kiristoci sukan amsa da Yohanna 4:24, cewa Allah Ruhu ne, da Ishaya 43:10, inda Allah ya ce ba a yi wani allah kafinsa ba, ba kuma za a yi bayansa ba. Sukan ƙara da Galatiyawa 1:8, gargaɗin Bulus cewa ko mala'ika ne daga sama ya zo da wata bishara dabam kada a karɓa, kuma ba sai an faɗa maka wane mala'ika suke nufi ba.

Wataƙila wannan ya tuna maka da batun Ahmadiyya, ƙungiyar da ke kiran kanta Musulma alhali mafi yawan malamai sun ce ta fita saboda matsayin da ta ba Mirza Ghulam Ahmad. Akwai kama ta fuskar sabon mai da'awar wahayi bayan an ce an rufe ƙofa. Amma kada ka ja kwatancen da nisa. A can gardamar kan annabci take, a nan kuwa babbar gardamar kan zatin Allah ce, sabon annabin da sabbin littattafan suna biye ne.

Abu biyu da mutane kan tambaya, in taɓa su a gurguje. Auren mata fiye da ɗaya sun yi shi a ƙarni na 19, cocin ya sanar da dainawa a 1890, kuma yau wanda ya yi korarsa ake yi. Sai batun launin fata, wanda ya shafe mu kai tsaye: sama da shekara ɗari cocin ba ya naɗa baƙar fata a matsayin firist, sai a 1978 aka ɗage wannan hani a zamanin Spencer Kimball. A ƙarshen wannan shekarar masu wa'azinsu suka iso Najeriya, suka tarar da mutane a Kudu maso Gabas da suka daɗe suna taruwa da kansu suna rubuta wasiƙu Amurka a zo a yi musu baftisma. A 2005 aka buɗe haikalinsu na farko a ƙasar nan a garin Aba. Hana shan giya da taba da shayi da gahawa da ka gani wurin maƙwabcinka kuwa daga wata ƙa'idar lafiya ce da Smith ya bayar a 1833.

Ga matsayata a matsayina na mai nazarin addinai. In ana maganar asali da tarihi da wanda ake bauta wa, 'yan Mormon daga cikin Kiristanci suka tsiro, Yesu ne cibiyar ibadarsu, kuma masu ƙididdigar addinai na duniya galibi a cikin Kiristoci suke lissafa su. Ban ga dalilin da zai sa kai, da kake wajen gidan, ka hana mutum sunan da yake kiran kansa da shi ba. In kuwa ana maganar aƙidar da Katolika da Otodoks da Furotesta suka haɗu a kanta, to ba sa ciki, kuma su da kansu ba sa neman shiga. Bambancin bai tsaya a reshe ba kamar wanda ke tsakanin ɗan Baftis da ɗan Angalikan, ya kai har tushe. Wanda ya ce maka duk ɗaya ne bai yi wa kowane ɓangare adalci ba. Ko a Amurka ra'ayi a rabe yake: binciken da cibiyar Pew ta fitar a farkon 2012, shekarar da Mitt Romney, ɗan cocin, ya yi takarar shugaban ƙasa, ya nuna kashi 97 cikin ɗari na 'yan Mormon suna ɗaukar addininsu Kiristanci ne, amma a cikin sauran jama'a wajen rabi ne kawai suka yarda da haka.

In kana son ganin inda majami'un suka ja layi a aikace, dubi baftisma. Idan ɗan Angalikan ya koma Katolika ba a sake yi masa baftisma, domin an yarda ta farkon ta inganta da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. 'Yan Mormon ma da waɗannan kalmomi suke yin tasu, amma a 2001 ofishin kula da aƙida na fadar Fafaroma ya yanke cewa baftismarsu ba ta inganta ba, saboda abin da suke nufi da sunayen ukun ba shi ne abin da coci ke nufi ba. Babban taron cocin Metodis na Amurka ya riga ya ɗauki matsaya makamanciyar wannan a 2000. Su ma 'yan Mormon, duk wanda ya shigo cikinsu, ko fasto ne ko fada, sai sun sake nutsar da shi a ruwa ta hannun firist nasu kafin su lissafa shi ɗan coci.