Amsoshin Tambayoyinku Kan Kayan Ɗaukar Hoton Daji da Namun Dawa

Tambaya: Kuɗin da na tara ba zai saya mini komai da komai ba. Ko dai in ɗauki babbar kyamara mai cikakkiyar sensa tare da gajeren gilashin da ake haɗo ta da shi, ko kuma in ɗauki matsakaiciya in ƙara da dogon gilashi. Tsuntsaye da namun dawa nake son ɗauka. Wanne ya fi?

Amsa: Malam, ka zuba kuɗinka a gilashi, wato idon da ake ɗaurawa a gaban kyamara, wanda yawan milimitarsa ke nuna nisan da yake jawowa. Dabbar dawa ba ta yarda a matso kusa da ita, tsuntsu kuwa ya fi ta tsoro, saboda haka gilashin ne zai jawo maka abin da ƙafarka ba za ta kai ka gare shi ba. Gilashin da ake haɗowa da kyamara yawanci yana tsayawa ne a milimita 55 ko 70 ko 105, kuma idan ka auna shaho a kan reshe da irin wannan, ɗan ɗigo kawai za ka gani a tsakiyar hoto, komai tsadar kyamarar da ke bayansa. Manyan dabbobi irin su giwa da raƙumin dawa suna samuwa da milimita 300, amma tsuntsaye suna bukatar 400 zuwa 600.

Sensa ita ce ɗan allon da ke cikin kyamara mai kama haske ya mayar da shi hoto. Matsakaiciyar sensa, wadda ake kira APS-C, tana da wata fa'ida a wannan aiki da masu sayarwa ba su cika ambata ba. Da yake ta fi ƙanƙanta, tsakiyar abin da gilashi ya hango take ɗauka, sai abin ya cika hoton kamar an ƙara tsawon gilashin sau 1.5 a kyamarorin Nikon da Sony da Fujifilm, ko sau 1.6 a na Canon. Ke nan gilashi mai milimita 400 zai ba ka faɗin kallo irin na mai 600 ko fiye. Inda cikakkiyar sensa ta fi ta shi ne a ƙarancin haske, wato da asuba da bayan faɗuwar rana, domin hotonta bai cika yin tsaki-tsaki ba idan aka ɗaga ISO, wato ma'aunin ƙarfin sensa wajen kama haske. Wannan fifiko gaskiya ne, sai dai bai kai ya sa ka rasa tsawon gilashi ba.

Akwai gilasai masu zuƙowa da aka yi domin mutum irinka: kamfanonin Sigma da Tamron duk suna da mai 150 zuwa 600, Nikon tana da mai 200 zuwa 500, Sony kuma tana da mai 200 zuwa 600. Nauyin kowannensu yana kusa da kilo biyu, wasu sun ɗara. Ina roƙonka, kafin ka biya, ka ɗaura shi a kan kyamara ka ɗaga shi daidai idonka na tsawon minti biyu ba tare da ka sauke ba. Za ka ji lokacin da gwiwar hannunka ta hagu ta fara rawa, ka kuma ga abin da ka auna yana ta lilo a cikin madubin leƙawa. Idan abin ya fi ƙarfinka, ka koma kan mai 100 zuwa 400, wanda ya fi sauƙin ɗauka, domin mutane da yawa sun sayi babban gilashi sannan nauyinsa ya sa suka daina fita da shi.

Ka kuma duba saurin kyamarar wajen kama abu da bin sa yana motsi. Tsuntsu mai tashi yana bukatar ƙiftawar kyamara, wato buɗewa da rufewar da take yi don ɗaukar hoto, da ba ta wuce kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa ba, sau da yawa ma cikin 2000, kuma sababbin kyamarori marasa madubi, wato waɗanda ba su da madubin nan mai ɗagawa da ke cikin tsofaffin, suna iya gane idon dabba su maƙale masa. Wannan ya fi yawan megafiksel amfani a gare ka.

Tambaya: Ana ta gargaɗi na kan sayen kayan da wani ya riga ya yi amfani da su, ni kuma su ne daidai ƙarfina. Ko akwai hatsari?

Amsa: Malama, hatsarin yana raguwa sosai idan kin san inda za ki duba, kuma lokacin yana gefenki. Tun da Canon da Nikon suka fito da manyan kyamarorinsu marasa madubi a 2018, ƙwararru da yawa suka sauya sheƙa suka saki tsofaffin kayansu. Canon 7D Mark II ta 2014 da Nikon D500 ta 2016 an yi su ne musamman domin abu mai gudu, kowacce tana ɗaukar hoto goma a daƙiƙa ɗaya, kuma har yanzu suna aikin da ba za a raina ba.

A jikin kyamara ki nemi adadin ƙiftawar da ta yi, domin waɗannan biyun an ƙiyasta za su jure ƙiftawa kimanin 200,000 ne. Gilashi kuwa ki cire murafansa biyu, ki haska fitilar waya ta baya, ki leƙa ta gaba kina karkata shi a hankali. 'Yar ƙura a ciki ba komai ba ce, kusan kowane gilashi mai zuƙowa yana da ita. Amma idan kika ga wasu fararen zare masu rassa kamar saƙar gizo-gizo, wannan fumfuna ce da danshi ya haifar, tana iya cin fentin da ke kan gilashin, kuma gara ki haƙura da shi ko da an sassauta miki. Kada ki saya sai an yarda ki gwada shi a kan kyamara, ki ɗauki hoto, ki buɗe shi a babban allo.

Tambaya: Duwatsu da rafuka da faɗuwar rana nake ɗauka da wayata. Me ya kamata in fara saya?

Amsa: Malam, idan a waya hotunan za su tsaya, wayar ta ishe ka da rana tsaka da hantsi. Ranar da ka so buga hoto babba, ko ɗaukar taurari, ko jawo tsauni mai nisa, sai ka nemi kyamara ko wace iri ce mai sauya gilashi, tare da mazauni mai ƙafa uku da ake ɗora ta a kai. A nan ne araha ba ta ado, domin mazauni marar ƙarfi iska kaɗan ke girgiza shi, alhali hoton shimfiɗar ƙasa ana ɗaukarsa ne da ƙofar hasken gilashi a tsuke, wajen f/8 zuwa f/11 a ma'aunin faɗinta, a lokacin da haske ya yi laushi, wanda ke tilasta wa kyamara jinkirin ƙiftawa. Sai kuma matacin haske mai juyawa, wani siririn gilashi da ake ɗaurawa a bakin gilashin kyamara, da ke kashe ƙyallin ruwa da na ganye, ya kuma ƙara wa sama shuɗi. Aikinsa na kashe ƙyalli ba a iya kwaikwayonsa da kwamfuta daga baya.

Tambaya: Zan je Masai Mara a Kenya lokacin da garken namun dawa ke tsallake kogi. Me zan ɗauka, me zan bari? Shin in sayi ƙaramin jirgi marar matuƙi mai kyamara?

Amsa: Ranka ya daɗe, tsallake kogin Mara yakan kasance ne tsakanin Yuli da Oktoba, lokacin rani a can, saboda haka ƙura ce abokiyar gabarka ta farko. Duk sauya gilashi a cikin buɗaɗɗiyar mota gayyatar ƙura ce zuwa kan sensa, shi ya sa na fi so ka riƙe gilashi ɗaya mai zuƙowa a ɗaure, ka bar wa wayarka hotuna masu faɗi. Mazauni mai ƙafa uku ba shi da wurin tsayawa a mota. 'Yar jakar da ake cikawa da ƙwayoyin hatsi a ɗora a bakin taga ita ce ke riƙe dogon gilashi, kuma ka roƙi direba ya kashe inji kafin ka danna, domin karkarwar mota tana ɓata hoto.

Ƙananan jiragen da ke kai baƙi gandun daji yawanci suna ƙayyade kaya a kilo 15 cikin jaka mai laushi, don haka ka tambayi kamfanin tun kafin ka haɗa kaya. Baturan kari na litiyom dole su kasance a jakar hannu, ba a yarda a saka su cikin kayan da ake aunawa ba. Ka ɗauki katin memori fiye da ɗaya, ka riƙa kwafe hotunanka zuwa wani ma'aji kowane dare.

Jirgi marar matuƙi kuwa ban ba ka shawarar sayensa domin wannan tafiya ba. Gandun daji da yawa ba sa barin a tashe shi sai da izini na musamman, Amurka ma ta hana shi a gandunta na ƙasa tun 2014, kuma ƙararsa tana firgita dabbobi, musamman giwaye da tsuntsayen da ke kwance a kan ƙwai. Haka nan kada ka matsa wa direba ya sauka daga hanya ko ya tare mashigar kogi domin ka samu kusanci, domin garken da motoci suka tare yakan fasa tsallakawa ya juya baya. Kuɗin jirgin ka ƙara su a kan kwanakin da za ka yi a gandun, tunda tsallakawar ba ta da ƙayyadadden lokaci, kuma ana iya wuni guda a bakin kogi ana jira garken bai sauko ba.