Zan je Bankok saro kaya: me zan ci, me zan faɗa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar kasuwa ce a Kano, Dubai na saba zuwa saro kaya, amma bana abokan sana'a sun ja ra'ayina zuwa Bankok ta ƙasar Tailan. An ce naman alade ya yi yawa a abincinsu, ga shi ba na jin yarensu, Turancin ma sama-sama. Kuma ina tsoron in yi abin da zai zama cin fuska a wurinsu ban sani ba. A taimaka min da shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya kai ki lafiya, ya sa a yi ciniki mai albarka.

Maganar alade gaskiya aka faɗa miki. Sama da kashi 90 cikin 100 na mutanen ƙasar mabiya addinin Buda ne, alade kuwa shi ne naman yau da kullum a wurinsu. Wanda kike gani a faranti ba shi ne matsalar ba, ɓoyayyen ne. Sai ki sayi taliya da kaza, alhali romon da ƙashin alade aka dafa shi. Wainar ƙwai ma a kan zuba mata niƙaƙƙen naman, wasu kuma da kitsensa suke suya. Don haka cewa "kaza nake so" a rumfar da ba ta Musulmi ba bai wadatar ba.

Abin da zai kwantar miki da hankali shi ne Musulmi suna nan, kusan kashi 5 cikin 100, mafi yawansu a kudu wajen Fattani, Yala da Naratiwat, kuma suna da unguwanni da masallatai a cikin Bankok. Rumfunansu sukan ɗora alamar jinjirin wata da tauraro ko kalmar halal da Larabci, sau da yawa ma za ki tarar mai sayarwar da hijabinta. Kayan leda da na gwangwani kuma ki duba tambarin halal na Majalisar Musulunci ta ƙasar. In kasuwar tufafi ta Furatunam za ki ci, ba ki da nisa da layi na 3 a kan titin Sukumbit, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Nana, wanda ake kira layin Larabawa. Can akwai gurasa, gasasshen nama da shinkafa irin wadda kika saba ci a Dubai. Amma ni dai ba na so mutum ya je har Tailan ya ƙare a kan shawarma. Ki nemi "khao mok kai", wato dafa-dukan shinkafa da kaza mai kurkum, da miyar "masaman" mai gyaɗa, dankali da madarar kwakwa. Duka biyun girkin Musulmin ƙasar ne tun asali.

Yajinsu kuma kada ki raina shi don kin saba da attaruhu. Ki ce "mai fet", wato ban da yaji, ko "fet nit noi", kaɗan. Ruwa ki sha na gora. Cokali suke riƙewa da dama su ci da shi, mai yatsu yana hagu yana turo abinci kawai, ba a kai shi baki. In an gayyace ki, za a jera kwanuka a tsakiya, kowa da shinkafarsa; ki riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan, kada ki tula gaba ɗaya.

Yaren nasu yana da karin sauti 5, kuma Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi tsoro ba, mu da muke bambance kukan yaro da kukar miya da murya kawai. Su ma "ma" tana iya zama zo, doki ko kare, ya danganta da yadda aka ɗaga ko aka sauke ta. Abin dariya shi ne jimlar da ta fi miki amfani kamar da Hausa aka yi ta: "mai kin mu", ma'ana ba na cin alade. "Mai" shi ne a'a, "kin" ci, "mu" alade, sai dai ki ja "mu" ɗin ki ɗaga ta kamar mai tambaya. Kaza "kai", kifi "pla", naman sa "nua". Gaisuwa "sawatdi", godiya "khop khun". Mace tana rufe magana da "kha", namiji da "khrap", kuma wannan 'yar kalmar ita ce ladabin. In kin bar ta, maganarki za ta fito a bushe. A kasuwa "tao rai kha" nawa ne, "feng" ya yi tsada, "lot noi dai mai kha" a ɗan rage min. Sauran cinikin na'urar lissafi ce za ta yi: ya buga kuɗinsa, ki goge ki buga naki. Wanda ya girme ki ki kira shi "fi", ƙarami "nong", kamar yaya da ƙane a wurinmu.

Inda 'yan kasuwarmu suka fi tuntuɓe shi ne murya. Irin tayin Kantin Kwari, a ɗaga murya, a tafa hannu, a yi kamar za a yi faɗa sannan a daidaita, a can zubar da mutunci ne. Mai shago ba zai mayar miki ba. Murmushi zai yi, ya ce kayan sun ƙare, kina kallonsu a jibge a bayansa. Suna da abin da suke kira "kreng jai", kusan karar nan tamu ce, gudun ɗora wa wani nauyi ko kunyata shi a gaban mutane. Ko an yi miki ba daidai ba, ki sassauta murya ki faɗa a gefe, za ki fi samun biyan buƙata.

Gaisuwarsu haɗa tafuka ne a ƙirji da ɗan sunkuyar da kai, ƙarami ke fara yi. In zuciyarki ba ta natsu da ita ba, murmushi da "sawatdi kha" sun isa baƙo. Musulminsu kuwa sallama za ki yi musu. Kada ki dafa kan kowa, kada ki nuna mutum ko kaya da ƙafa, ki cire takalmi a ƙofar gida da duk shagon da kika ga an jera takalma. Limaman Buda masu tufafi ruwan goro mace ba ta taɓa su, ba ta zama gab da su a mota.

Batun sarki kuma ba wasa. Sashe na 112 na dokar laifukansu ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya ci mutuncin sarki, kuma baƙo bai tsira ba. Hotonsa yana jikin kuɗinsu, wato bat, saboda haka in takarda ta faɗi iska za ta ɗauke, ki duƙa ki kama da hannu, kada ki take. Ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma ana sa taken ƙasa a tashoshi da wuraren shaƙatawa. In kika ga jama'a sun ƙame cak, ke ma ki aje ledarki ki tsaya, bai wuce kamar minti ɗaya ba.